Layuka nawa ne ke yawo da sunanka?

Mutane da yawa sun ɗauka a intanet kaɗai ake sace sunan mutum. Akwai inda ake yin satar mai shi yana tsaye, idonsa biyu, wato gaban teburin mai rajistar layi. Ka je sayen sabon sim, ka ba da lambar shaidarka, an ɗauki hotonka, ka ɗora yatsa a kan na'ura. Mai rajistar ya dubi allon wayarsa, ya ɗan tsuke baki, ya ce, "Bai hau ba, matsalar sabis ce. Sake ɗorawa." Ka sake. Sau da yawa gaskiya ya faɗa, don na'urar kan ƙi karɓar yatsan da ya bushe ko ya jiƙe da gumi, kuma sabis kan yanke a tsakiyar aiki. Amma wani lokaci na farkon ya hau sarai, ɗorawa ta biyun kuma ta wani kati ce daban da ke ajiye a gefe. Daga wannan minti katin ya zama naka a wurin kamfani da wurin hukuma. Ka tafi da sim ɗaya a aljihu, rumbun bayanai kuwa ya rubuta maka biyu. Na biyun za a sayar wa wanda ke neman layin da babu sunansa a kai, kuma mai neman irin wannan layi yawanci akwai abin da yake shiryawa wanda ba ya son a bi sawunsa.

Ra'ayina a kan wannan al'amari ba shi da sarƙaƙiya. Tunda doka ta ɗora wa mutum alhakin duk layin da ke ɗauke da sunansa, to wajibi ne a ba shi hanyar ganin waɗannan layuka gaba ɗaya, kyauta, a wuri guda, tare da ikon cewa "wannan ba nawa ba ne" a cire masa shi cikin kwanaki ƙayyadaddu. Ƙasar da ta tilasta rajista ba ta yi wannan ba, rabin aikin kawai ta yi, kuma rabin da ta bari shi ne wanda ke kare talaka. Kafin a kai ga haka, dole kowa ya riƙa duba kansa da kansa, aƙalla sau biyu a shekara, da kuma duk lokacin da ya miƙa wa wani katin shaidarsa ko yatsansa.

Ƙasashe fiye da 150 ne ke tilasta rajistar layin waya da shaidar mai shi, kuma kusan kowacce dalilin tsaro ta kawo. Pakistan ta sa an sake tantance layukan ƙasar da zanen yatsa a 2015, bayan harin da aka kai makarantar 'ya'yan sojoji a Peshawar a watan Disamban 2014. Najeriya ta fara rajista a 2011. A 2015 hukumar sadarwa ta NCC ta ci MTN tarar naira tiriliyan 1.04 saboda rashin katse layuka sama da miliyan 5 da rajistarsu ba ta cika ba, kafin a rage tarar zuwa naira biliyan 330 a 2016. A Disamban 2020 aka ba da umarnin haɗa kowane layi da lambar shaidar ɗan ƙasa, wato NIN, a Afrilun 2022 aka hana layuka sama da miliyan 70 kiran waya, sannan aka sa 14 ga Satumban 2024 a matsayin wa'adin ƙarshe.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, duk wannan matsin ya mayar da sunan mutumin kirki haja mai tsada. A da, ɗan damfara layi kawai yake buƙata. Yanzu yana buƙatar layi da sunan da zai rataya shi a kai, kuma ba nasa zai sa ba. A sanarwar da NCC ta fitar a Agustan 2024, ta ce ta gano mutanen da ke riƙe da layuka masu yawan da hankali ba zai ɗauka ba, wasu har sama da 100,000. Idan tsari zai iya barin layuka dubu ɗari su taru a kan mutum guda kafin a farga, to layi ɗaya ko biyu da aka maƙala wa tsohon da bai iya karatu ba babu wanda zai lura da su, sai ranar da aka yi ɓarna da su.

Yadda ɓarnar ke dawowa kan mai suna kuwa a bayyane take. Idan aka yi amfani da wata lamba wajen neman kuɗin fansa, ko damfara, ko barazana, mai bincike daga lambar yake farawa. Zai rubuta wa kamfanin sadarwa, kamfanin ya turo suna da hoto da adireshin da ke rajista. Ƙofar da za a fara ƙwanƙwasawa ita ce ta mai wannan suna. Mai yiwuwa daga baya bayanan wuraren da wayar ta yi kira, da lambar IMEI, wato lambar shaida ta ita kanta wayar da aka sa layin a ciki, su wanke shi. Amma kafin a kai nan ya kwana a tsare, ya biya lauya, kuma maƙwabta sun riga sun ga an tafi da shi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Akwai kuma ƙananan illoli da ba a kai mutum caji ofis a kansu amma suna ci masa tuwo a ƙwarya: a buɗe asusun kuɗi na waya da layin, a ci bashi a manhajojin ba da rance, ko mutum ya je sayen layi na gaskiya a ce masa ya cika adadin da doka ta yarda. A Najeriya layuka huɗu ne iyaka a kowane kamfani. A Indiya tara ne gaba ɗaya, shida a Jammu da Kashmir da Assam da jihohin arewa maso gabas. A Pakistan layukan kira biyar ne a kan katin shaida guda.

Duba layukan da ke kan sunanka ba wani aiki ne mai wahala ba inda hukuma ta tanadi hanya. Indiya ta buɗe shafin Sanchar Saathi a Mayun 2023. Mutum zai shigar da lambar wayarsa, a turo masa kod, ya shigar, sai jerin lambobin da ke kan shaidarsa ya fito daga dukkan kamfanoni. A gefen kowace lamba zai iya zaɓar cewa ba tasa ba ce, ko tasa ce amma ba ya bukatarta, a kuma ba shi lambar ƙorafi da zai bibiya da ita. A Pakistan mutum kan tura lambar katin shaidarsa ta CNIC, ba tare da alamar (-) da ke tsakanin lambobin ba, zuwa 668, a maido masa da adadin layukan da yake da su a kowane kamfani. A Kenya *106# ake dannawa. Ghana ma ta buɗe nata tsarin a 2023. A Najeriya *996# ita ce lambar da aka ware wa harkar haɗa layi da NIN a dukkan kamfanoni, *346# kuma ta maido wa mutum da lambar NIN ɗinsa idan ya danna ta a layin da ya yi rajistar da shi.

Ga inda mutane ke yin kuskure. Kamfani abin da ke rumbunsa kaɗai yake iya nuna maka. Ka danna lamba a layinka, ka ga layuka biyun da ka sani, hankalinka ya kwanta. Alhali layin da aka sata da sunanka ya fi samun maɓoya a kamfanin da ba ka taɓa amfani da shi ba, don a can babu wata lambarka da saƙo zai iso ta kanta, babu kuma dalilin da zai kai ka ofishinsu. Saboda haka duk inda babu shafi guda da ya haɗa kamfanoni duka, sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda ba ka da layinsu. Ka je babban ofishinsu na hulɗa da jama'a da ainihin katin shaidarka, ka ce a duba maka ko akwai wata lamba a kan shaidar nan. Kada ka ba ƙaramin ejan na bakin hanya wannan aiki, domin ka sake miƙa yatsanka ke nan a irin wurin da matsalar ke farawa.

Sai a kiyayi shafukan bogi. Akwai shafuka da manhajoji barkatai da ke cewa "shigar da lambar shaidarka ka ga layukanka", ko "shigar da lambar waya ka ga mai ita". Waɗannan ko dai tarkon tattara lambobin shaida ne, ko kuma suna sayar da bayanan da aka sato. Hanyar dubawa ta gaskiya a shafin hukumar sadarwar ƙasa ko na kamfanin kansa ake samun ta. Ka rubuta adireshin da hannunka, kada ka bi mahaɗin da aka turo maka a WhatsApp. Kuma babu wani ma'aikacin gaskiya da zai kira ka ya ce ka karanto masa kod ɗin da ya shigo wayarka don ya "sabunta maka rajista". Duk wanda ya ce haka, layinka ko asusunka yake ƙoƙarin ƙwacewa a daidai wannan lokaci.

To, ka duba ka ga baƙuwar lamba. Abu na farko, ka tabbatar baƙuwar ce da gaske. Mutum kan manta da sim ɗin da ke cikin modem ko rawutar gida, ko na'urar bin sawun mota, ko na'urar POS, ko wanda ya yi wa yaro rajista shekaru biyar da suka wuce. Rufe irin wannan cikin gaggawa na iya katse wa iyali hanyar karɓar saƙon banki. Idan ka bincika ka tabbatar ba ka san ta ba, kada ka kira ta. Kiran ba zai amfana maka komai ba, zai dai sanar da mai riƙe da ita cewa an gano shi, ya kuma bar alama a bayanan kira cewa akwai hulɗa tsakaninku, wanda shi ne abin da za ka so ka musanta gobe. Ka ɗauki hoton allon da ke nuna jerin lambobin, kwanan wata na fitowa a jiki. Ka je ofishin kamfanin ka nemi a raba lambar da shaidarka a kuma toshe ta, ka yi buƙatar a rubuce, kwafi biyu, su buga hatimin karɓa a kan naka. Ka karɓi lambar ƙorafi. Ka tambayi ranar da aka yi rajistar da kuma wurin, ko da ba za su faɗa maka sunan ejan ɗin ba, domin kowace rajista na ɗauke da lambar na'urar da aka yi ta da ita, kuma tambayar taka na tilasta su buɗe wannan shafi. Daga nan ka kai rahoto ga 'yan sanda ka karɓi takarda.

Wannan takarda mai kwanan wata ita ce ginshiƙin dukkan aikin. Maganar baki da ma'aikacin da ke bayan kanta ba ta zama hujja. Idan bayan wata shida aka zo neman ka a kan laifin da aka yi da lambar, abin da zai raba ka da shi shi ne shaidar cewa tun ranar kaza ka sanar da kamfani da hukuma cewa ba taka ba ce. Bayan mako guda ka sake dubawa, domin an sha ce wa mutum an cire alhali lambar na nan daram. Idan kamfani ya yi ta ja maka rai, ka kai ƙara ga hukumar da ke sa masa ido, da lambar ƙorafin a hannunka. A Najeriya 622 ce lambar kyauta ta NCC don irin wannan.

Akwai duba na biyu da ya kai na farko muhimmanci, kuma an fi sakaci da shi: layin da ke hannunka, sunan wa ke kansa? Mutane da yawa suna amfani da layin da aka sayo musu da rajistarsa, ko wanda wani yayansu ya yi musu, ko na mahaifin da ya rasu. Shekaru suna tafiya, sun ɗora asusun banki da WhatsApp da imel da dukkan abokan cinikinsu a kan wannan lamba. Ranar da wayar ta ɓace aka je yin walkam-bak, wato maido da lambar a kan sabon kati, sai na'ura ta nemi yatsan wanda ke rajista. Idan ya yi nisa, wahala. Idan ya rasu, sai an bi doguwar hanyar takardar shaidar rasuwa da rantsuwar kotu, in ma kamfanin ya karɓa. Idan kuwa baƙo ne da ba ka taɓa gani ba, shi ke da ikon zuwa ya ce layinsa ya ɓace a ba shi sabo, kuma daga wannan sa'a duk kod ɗin bankinka wayarsa zai riƙa shiga, bisa ƙa'ida. A Pakistan tura MNP zuwa 667 na nuna sunan mai layin da ke cikin wayar. A sauran wurare manhajar kamfani ko ofishinsa za su nuna. Idan sunan ba naka ba ne, ku je tare da mai sunan tun yana raye kuma kuna shiri, a mayar da mallakar kanka.

Wannan ya kawo ni ga aron shaida, kuma a nan ba zan sassauta ba. Ɗan'uwa zai zo ya ce NIN ɗinsa ta samu matsala, ko katinsa bai fito ba, ka taimaka ka yi masa rajista da taka. Kunya kan hana mutum cewa a'a. Amma abin da ka bayar ya wuce taimakon rana ɗaya. Shi ɗan'uwan mai yiwuwa mutumin kirki ne, sai dai waya na faɗuwa, ana sace ta, ana sayar da ita da sim a ciki, ana ba aboki aro. Layin zai wuce hannu uku, sunanka na nan a kansa bai motsa ba. Taimakon da ya fi shi ne ka raka shi a gyara masa tasa shaidar. Inda babu makawa, kamar yaron da shekarunsa ba su kai na rajista ba, ko tsohuwar da yatsunta suka daina hawa na'ura, to ka riƙe lissafi: ka rubuta lambar, ka san wayar da take ciki, in wayar ta ɓace kuma kai za ka je ka toshe layin a ranar.

Duba rajista ba ya kare mutum daga wata satar da ta fi sauri, wato a ɗauke layinka na gaskiya a mayar da shi kan wani kati. Ana yin haka ta hanyar takardun jabu, ko yaudarar ma'aikaci, ko haɗa baki da shi. Ba ƙananan mutane kaɗai abin ke samu ba. Ta haka aka ƙwace shafin Twitter na Jack Dorsey a Agustan 2019, lokacin yana shugaban kamfanin. Ta haka aka shiga shafin X na hukumar kula da hannayen jari ta Amurka, SEC, a Janairun 2024, aka wallafa sanarwar ƙarya a kan Bitcoin. Hukumar binciken laifuka ta Amurka, FBI, ta ce a 2021 kaɗai ta karɓi ƙorafi 1,611 na irin wannan sata, da asarar sama da dala miliyan 68.

Alamarta guda ce kuma ba ta da hayaniya. Wayarka na kan tebur, sai sandunan sabis su ɓace, ta rubuta babu sabis ko kiran gaggawa kawai. Na kusa da kai, mai layin kamfani ɗaya da naka, nasa sabis cike yake. Ka kashe ka kunna, shiru. Ka cire sim ɗin ka sa a wata wayar, shiru. A wannan gaɓa kada ka ce bari gari ya waye. Masu wannan aiki sun fi son dare da ƙarshen mako, lokacin da ofisoshi ke rufe, kuma abin da suke buƙata bai wuce sa'a ɗaya ko biyu ba. Ka ari waya ka fara kiran bankinka a rufe asusun, sannan kamfanin sadarwa. Banki ne farko saboda can kuɗin suke, layi kuwa ana iya maido da shi gobe. Daga nan ka canza kalmar sirrin imel ɗinka ka cire lambar daga hanyoyin maido da shi, tunda wanda ya riƙe imel ya riƙe ƙofar sauran shafuka. Yana da kyau lambar gaggawa ta banki ta kasance a rubuce a takarda, domin wadda ke ajiye a cikin waya ba ta da amfani ranar da wayar ce aka sace.

Sai ƙaramin makullin da ke cikin kowane sim wanda mafi yawan mutane ba su taɓa kunnawa ba, wato PIN na sim. Makullin allon waya ba ya kare layi. Ɓarawo zai zare katin ya sa a ƙaramar waya, ya fara karɓar saƙonninka, kuma inda ake hada-hadar banki ta lambobin dannawa, wannan kaɗai kan ishe shi fara laluben asusunka. Idan PIN na kunne, katin ba zai yi aiki a ko wace waya ba sai an shigar da shi. Ana kunna shi a sashen tsaro na saitin waya. Zai fara neman PIN na asali da kamfani ya sa, wanda galibi 0000 ne ko 1234, amma ka tabbatar daga kamfaninka kafin ka gwada, domin kuskure uku na kulle katin. In ya kulle sai da PUK, lamba takwas da ke jikin faffaɗan katin da aka ɓallo sim ɗin daga ciki, kuma kuskure goma a PUK na kashe katin har abada. Shi ya sa bai kamata a yar da wannan faffaɗan kati ba. Bayan ka kunna, ka canza PIN ɗin zuwa wanda ba shekarar haihuwarka ba. Ka danna *#06# ka rubuta IMEI ɗin wayarka mai lamba 15 ka ajiye. Ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu a WhatsApp, mai lamba shida. Idan ka taɓa ba wani wayarka ya yi kira kuma kana shakka, ##002# na soke duk wata karkatar da kira da aka saita.

Layin da ka daina amfani da shi ma bai mutu ba. Kamfani zai karɓe shi ya sayar wa wani. A Najeriya ƙa'idar ita ce layin da ya yi kwana 180 babu wata hada-hada ana iya dakatar da shi, in ya ƙara wasu 180 a haka ana iya sake sayar da shi. Sabon mai shi bai saci komai ba, amma alat ɗin bankinka da kod ɗin shafukanka za su riƙa zuwa masa muddin ba ka cire lambar daga can ba. Kafin ka saki layi, ka bi banki da imel da shafukan sada zumunta da hukumar shaida ka sauya lambar, sannan ka nemi kamfanin ya cire ta daga sunanka.

Akwai masu cewa tushen matsalar ita ce rajistar kanta, kuma maganarsu na da nauyi. Ingila da Amurka ba sa tilasta rajistar layin da ake sa wa kati. Meziko ta gwada a 2009 ta soke bayan 'yan shekaru, ta sake kafa wani rumbun mai haɗe da bayanan jiki a 2021, kotun ƙolinta ta rushe shi a 2022 saboda keta sirrin jama'a. Gaskiya ne tara suna da hoto da zanen yatsan miliyoyin mutane a hannun dubban ejan-ejan haɗari ne a kan kansa, kuma zanen yatsa ba kalmar sirri ba ce da za a canza idan ta fita. Sai dai a ƙasashen da layin waya ya riga ya zama makullin asusun banki da tallafin gwamnati da jarrabawar ɗalibai, ba na ganin za a koma baya. Abin da ya rage shi ne a rage yawan hannayen da ainihin shaidar ke ratsawa. Indiya ta ba mutane damar kulle zanen yatsansu na Aadhaar, wato tsarin shaidar ƙasar, ta yadda babu mai tantancewa da shi sai sun buɗe da kansu. Najeriya ta shigo da NIN ta wucin gadi a 2022, mai harafi da lamba 16, wadda ake samarwa don kamfani guda kuma ta mutu bayan sa'a 72. Inda irin wannan yake, shi ya kamata a miƙa. Idan kuma dole sai kwafin kati, a rubuta a kansa da biro, ta kan hoton, dalilin bayarwa da kwanan wata, don kada ya yi aiki a wani wuri.

Abin da nake ganin ya kamata a matsa wa hukumomin sadarwa a kai ba shi da tsada idan aka kwatanta da abin da aka kashe wajen rajistar. Duk lokacin da aka yi sabuwar rajista a kan shaidar mutum, a ko wane kamfani, saƙo ya tafi nan take zuwa dukkan layukansa na da, cikin harshen da yake ji, da hanyar amsawa da "ba ni ba ne" wadda za ta dakatar da sabon layin har sai an bincika. Banki na turo alat a kan ƙaramin kuɗin da ya fita daga asusu, don haka babu hujjar a ce fasahar ba ta samuwa. A kan sauya kati kuma akwai abin koyi: Indiya na rufe saƙonnin tes na sa'a 24 a kan sabon katin da aka sauya, kuma tun Yulin 2024 ta hana ƙaura da layi zuwa wani kamfani sai bayan kwana 7 da sauyawar. Hukumar sadarwar Amurka, FCC, ta amince da dokoki a Nuwamban 2023 da suka wajabta wa kamfanoni sanar da mai layi nan take idan an nemi sauya katinsa. Ita kuma hanyar dubawar, dole ta yi aiki a ƙaramar waya marar intanet, domin waɗanda aka fi cuta su ne tsofaffi da mazauna karkara da ake tara su a ce za a yi musu rajistar tallafi, a karɓi yatsunsu ɗaya bayan ɗaya. Dole kuma a tsare ta da kod da ake turawa layin mai tambaya, a ɓoye wasu lambobin tsakiya, don kada ta zama hanyar da wani zai leƙa layukan matar da ta guje masa ko abokin gabarsa.

A teburin rajista kuwa, mutum na da haƙƙin ya ga abin da ake yi da yatsansa. Idan aka ce bai hau ba, ka nemi a juyo maka da allon ka ga saƙon gazawar da idonka. Ka kwatanta doguwar lambar da ke jikin katin da ke hannunka, mai farawa da 89, da wadda ke kan allo, a kowace ɗorawa. Idan ba su zo ɗaya ba, ko aka ƙi nuna maka, ka janye hannunka ka tafi babban ofishi. Ko da komai ya tafi daidai, bayan kwana biyu ka duba jerin layukan da ke kan shaidarka a wannan kamfani, ka ga ko ɗaya ne ya ƙaru ko biyu.